Wuƙar Gajere

A layin mahauta na kasuwar Talata Mafara ba mai kiran karatun Saifullahi da sunansa. A jami'a ana ce masa kiriminoloji, wato nazarin laifi da masu aikata shi, da abin da jama'a ke yi da su bayan sun aikata. A layi kuwa karatun ɓarayi ake cewa. Duk hutun da ya dawo ya zo gaida mahaifinsa, Bature, sai masu sara da masu tsire su taso shi gaba. Wani ya ce a ɓoye sikeli ga ɗan sanda ya iso, wani ya tambaye shi ko an kai su darasin fasa shago. Shi dai murmushi yake yi, ya bi manya ɗaya bayan ɗaya yana durƙusawa, a tambayi gida, a tambayi hanya, a tambayi gajiya.

Mutum ɗaya ne bai taɓa tsokanarsa ba, shi ne Gajere, abokin sana'ar Bature tun suna samari, teburinsu na jingine da juna. Lokacin da jami'a ta ɗauki Saifullahi, Bature ƙi ya yi. Ya ce in dai karatu ne, a yi na likitan dabbobi, wanda mahauci zai ga amfaninsa. Gajere ne ya yi ta binsa har gida, yana ce masa ƙasar da ɓarayi suka hana noma da kiwo ai tana neman wanda ya san kan ɓarayi. Ranar tafiya kuma shi ya raka yaron tasha da ƙunshin kilishi a takardar siminti.

Saifullahi yana aji biyu abin ya faru. Gajere ya sayi wata saniya a hanyar Maradun, hannu da hannu, ba dillali ba mai shaida, a kan farashin da ko yaro ya ji sai ya waiwaya. Ya yanka ya sayar. Al'adar layin ce a aje fatar duk abin da aka yanka har kasuwa ta zagayo, saboda masu cigiya. Wata Talata sai ga wani manomi daga Bakura, Ishaku, yana bin fatun yana dubawa, har ya tsaya a kan wadda ke da tambarin gidansu a cinya. Aka je ga hukuma, Gajere ya yi zaman gidan yari na wasu watanni, ya fito.

Sai dai layin na da nasa hukuncin. Mahaucin da ya yanka abin sata, karɓe masa wuƙa ake yi. Malam Sadi, dattijon da mahautan suka ɗauka uba, shi ke naɗe ta a tsohon buzu ya rataye a rumfarsa inda kowa ke gani. Ba a mayar da ita sai wani mahauci ya fito gaban jama'a ya aje tasa kusa da ita. Daga ranar an ɗaure wuƙaƙen biyu ke nan: in mai laifin ya sake, duka ake karɓewa, kuma ba maidowa. Ba wanda ya aje wa Gajere. Bature ma, da aka fi sa wa ido, ya kau da kai. Yana ganin abokin nasa ya zubar masa da mutunci, domin har shi aka riƙa yi wa kallon ko ya ci daga ciki.

A hutun ajinsa na uku, Babbar Sallah na ƙaratowa, Saifullahi ya iske Gajere a gindin dogon yaro bayan tasha, ya rame, yana feƙe tsinke da farce. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Gajere ya tambayi karatu da malamai, har da abincin makaranta. Can sai ya rage murya ya ce mutanen daji sun aiko masa. Suna da shanu, ba su da wanda ya iya fiɗa da yanka nama yadda zai shiga kasuwa ba a gane ba. Bai ba su amsa ba tukuna, sun ce suna jira zuwa Sallah.

“Baba Gajere, ai ba za ka je ba.”

“Ban ce zan je ba, ɗana. Amma hannun ga aiki guda ya sani. Na yi dako, na yi kwasar yashi, kowa ya gan ni sai ya matsar da kayanshi. Su kaɗai suka kira ni da sunan sana'ata.”

Saifullahi ya tafi gida maganar tana cinsa. A zangon da ya wuce wata malamarsu ta yi lakca a kan haka. Ta ce in aka hukunta mutum, aka gama, sannan aka ƙi buɗe masa ƙofar komawa, yakan je ya nemi mutanen da laifinsa ba abin kunya ba ne a wurinsu. Ya haddace maganar, ya zuba ta a jarrabawa, ya ci maki mai kyau. Bai taɓa tunanin za ta zo masa da fuskar mutumin da ya raka shi tasha ba.

Kowane ɗan mahauci yana da wuƙa, ana ba shi in ya tasa. Ta Saifullahi tana ɗakin mahaifiyarsa, Mariya, a ƙasan adaka. Ya ɗauko ta, ya goge, ya nufi rumfar Malam Sadi yana jin ya samo mafita. Tsohon ya saurare shi har ya kai aya, ya karɓi wuƙar ya jujjuya ta.

“Wagga mi ta taɓa yankawa?”

“Ragon layya, Baba. Sau ɗaya.”

“To in aka karɓe ta, mi ka rasa?”

Malam Sadi ya miƙo masa abinsa ba tare da faɗa ba, ya ce niyyar ta yi kyau, amma wuƙar da ake ajewa ita ce wadda gida ke ci da ita. Ya ƙara da cewa ko an sami mai ajewa, layin ba zai saurara ba sai an ji ta bakin mai saniya, domin har yau Gajere bai taka ƙafa ya je gare shi ba.

Wannan kam Saifullahi ya san hanyarsa, don an koya musu yadda ake zaunar da mai laifi da wanda aka cuta. Da kyar ya shawo kan Gajere suka shiga motar Bakura. Suka sami Ishaku a gonarsa ta noman rani, ƙafafunsa duk taɓo, yana gyara bakin kwalbatin ruwa. Ya gane Gajere tun daga nesa, amma bai fasa amsa sallama ba, ya shimfiɗa musu buhu a kan kunya. Saifullahi ya fara jawabin da ya shirya a mota, Ishaku ya ɗaga masa hannu, ya juya ga Gajere.

“Abu guda nika son ji. Ka san ta sata ce?”

Gajere ya mayar da ido kan ruwan da ke bin kwarin shinkafa, ya amsa.

“Ban tambaya ba. Kuma na san abin da ya hana ni tambaya.”

Ishaku ya gyaɗa kai. Ya ba su labarin saniyar, cewa ta matarsa ce, Taibatu, gadon mahaifinta, da nononta aka yaye 'ya'yansu. Ya ce maganar yafiya ba a hannunsa take ba, kuma ba zai je ya tayar wa matar da abin da ya fara kwanciya ba. Amma in batun wuƙa ne, a gaya wa dattijon layi bai hana ba. Ya fi son mutumin nan a tsakiyar kasuwa inda idanu ke kansa, da a ce yana daji, ga shi kuma shi Ishaku yana da sauran shanu biyu a turke. Da za su tashi ya ba su albasa a leda, ya ce ba a zuwa gonarsa a koma hannu rabbana.

Saura Bature. Saifullahi ya same shi bayan la'asar yana kankare teburi, kasuwa ta fara watsewa. Ya kwashe komai ya gaya masa, har saƙon mutanen daji. Bature bai ɗago ba sai da ya gama wanke wuƙarsa, doguwa mai ƙotar ƙaho, wadda wasawa ta cinye cikinta har ta yi siriri. Ya ɗora ta a kan teburin tsakaninsu. Ya ce da ita ake yin rajistar makaranta, da ita ake aika masa garin kwaki da ƙuli, da ita ƙannensa ke cin tuwo.

“Littattafan naku mi suka ce? Wanda ya taɓa, shina dainawa?”

Saifullahi ya ji amsar da za ta gama magana tana kan harshensa. Da ya ce e, mahaifinsa zai yarda, domin bai taɓa shiga aji ba, kuma yana girmama abin da ke rubuce fiye da yadda yake nunawa. Sai ya faɗi abin da ya sani. Ya ce da yawa suna dainawa in suka sami sana'a da mutanen da ke kula da su, wasu kuma suna komawa duk da haka, kuma ba littafin da zai iya cewa a wane ɓangare Baba Gajere yake.

“Shekara uku kana karatu, iyakar abin da ka samo ke nan?”

“Iyakarsa ke nan, Baba.”

“To ji nan. In na aje wagga, ba wuƙa na aje ba, karatunka na aje. In ya sake, ka dawo gida ke nan, ba digiri ba teburi. Naka ne. Kai za ka ce.”

Saifullahi ya zauna a kan turmin sara. Saura masa shekara ɗaya. Zuciyarsa ta kawo masa shawara mai kama da hankali: a bari ya gama tukuna, sannan a aje. Amma mutanen daji ba za su jira bikin yaye ɗalibai ba. Ya kuma lura da wani abu da ya ba shi kunya: da ya ɗauki wuƙarsa zuwa wurin Malam Sadi, ko kaɗan gabansa bai faɗi ba, har yana jin kansa mutumin kirki. Yanzu da aka taɓa abin da yake so, sai ga shi yana neman dalilai. Ya tuna ƙunshin kilishin nan, ya tuna cewa karatun da yake tsoron rasawa, ba don Gajere ba da bai fara shi ba.

“A aje, Baba.”

Bature ya yi tsaki, ya ce daman ya san 'yan boko ba su san wahalar nema ba. Ya mayar da wuƙar kube, ya ce yaron ya ɗauko bokiti su tafi.

Ranar Talata da hantsi, kasuwa ta cika, Malam Sadi ya sauko da buzun ya warware a ƙasa. Bature ya fito ya aje wuƙarsa kusa da ta Gajere ba tare da ya dubi kowa ba. Aka yi fatiha. Gajere ya durƙusa ya ɗauki tasa, ta yi tsatsa, ya shafa bakinta da babban yatsa. Bature ya tura masa dutsen wasawa da ƙafa, ya ce ya daina tsayuwa kamar baƙo, akwai raguna na jira.

Shekarar ƙarshe ta Saifullahi ba ta yi masa sauƙi ba. Duk lokacin da waya ta yi ƙara ya ga lambar gida, sai ya zaci za a ce masa Gajere ya sake. Amma kullum labarin ɗaya ne: ana lafiya, ruwa ya sauka, Mariya na gaishe shi. A aji, in ana maganar masu komawa laifi da kaso nawa ne cikin ɗari, yakan ji kamar sunansa ake karantawa. Malamar nan ta taɓa ce masa yana tambaya kamar wanda aka ba ajiya. Bai yi mata bayani ba.

Da ya gama ya dawo, sai ya tarar dillalan kara suna kuka da Gajere. Wai ba ya sayen ko akuya sai ya ji garin da ta fito da sunan mai ita da na maƙwabcinsa, har sun sa masa suna alƙali. Masu tsire suka ce yanzu 'yan sanda biyu ke gare su a layi. Gajere ya share hannu a riga, ya jawo wani ƙunshin kilishi daga ƙarƙashin teburi ya miƙa masa, ya ce wannan ya san uwar saniyar da aka yi shi da ita.

Saifullahi ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi wuƙaƙen nan a kan teburan da suka koma jingine da juna. Ya san ɗaurin ba ya kwancewa, haka za su zauna muddin mutanen biyu na raye. Ya yi wa Allah godiya a ransa, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa. Bature ya amsa yana sara, ya ce in an gama karatun ɓarayin, a zo a riƙe masa ƙafar nan.