Mai Karanta Labarai Ya Kori Yawunsa

"Na ce ina kika kai min ƙwayoyina?"

"Na ce maka suna masai. In binsu za ka yi, ga hanya nan."

Tela ba ta ko ɗago kai daga keken ɗinkinta ba. Mijin nata kuwa, wanda unguwa ke kira Murya saboda shi ke karanta labarai a gidan rediyo, yana tsaye da singileti yana zazzage durowa, ya watsa mata zare da maɓallai a ƙasa.

Abin da ya jawo rigimar bai taka kara ya karya ba. Mai kula da na'ura a wurin aikinsu ne ya taɓa ce masa, cikin raha ma, makirufo na kamo ƙarar yawunsa in yana magana. Shi ke nan bawan Allah ya ƙulla gaba da yawun bakinsa. Ya gano ƙwayar mura na busar da baki, ya mai da ita abin karyawa, ba mura ba tari. In harshe ya manne a ganɗa sai ya jefa minti. In mintin ya bar masa ɗaci sai ya bi da wani koren ruwan kurkure baki mai zafi kamar fetur. Kun san namiji in ya ɗauki abu da kansa.

Da numfashinsa ya fara korar Tela zuwa ƙarshen gado, ta ja shi wurin likitar haƙori. Likitar ta leƙa bakin.

"Malam, yawun nan da kake kora shi ne maigadin bakinka," in ji ta. "Akwai abubuwan da ke kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa, shi ke wanke tsamin da zaƙi ke bari, har 'yar zaizayar haƙori yana gyarawa. Kai ka sallami maigadi, kana kuma raba wa ɓarayi alewa."

Ta nuna masa haƙorinsa na gaba a madubi, ya yi kogo ta gindi. In ya daina yanzu za ta cike shi. In bai daina ba zai fita da kansa, kuma ita dai ba ta taɓa jin mai giɓi yana karanta labarai ba tare da fito ba.

Murya ya ce to. Suna fita ya biya kemis. Shi ya sa yau da safe Tela ta tattara ƙwayoyin ta zuba a masai.

"Baban Auta," Tela ta tsayar da keken, "da haƙorin nan muke ci a gidan nan. In ya fita, wa zai bar ka gaban makirufo? Ko labarin tsuntsaye za ka koma karantawa?"

"Ke me kika sani game da aikin murya? Na taɓa koya miki sa zif?"

"Ni ban taɓa ƙin zuba wa kekena mai don kada ya jiƙe ba. Ruwa kawai matar nan ta ce ka dinga sha. Ruwa! Ko shi ma makirufo na jin sa?"

"Bakina ne."

"Ni ke kwana kusa da shi."

Wannan ta shige shi. Ya laluba aljihun wandon da ke rataye, ya zaro mintin da ya tsere wa bincikenta, ya ɓare a hankali yana kallon ta, ya jefa a baki. Don ya ƙara ƙona mata rai bai tsotsa ba, ya gartsa da haƙoran gaba.

Ƙas.

Ya tofa a tafin hannunsa. Minti ne fari, gefensa kuma wani abu mai ruwan ƙasa da ba minti ba.

"Shi ke nan, sai ki sha..." Ya tsaya. Kowane harafi da siririn fito ya fito, irin na butar shayi.

Tela ta cusa bakin gyalenta a baki, kafaɗunta na rawa don dariya. Ba daɗi ta ji ba, Allah ya sani, tana ma lissafin wanda zai karanta labaran rana yau. Amma fiton nan ya fi ƙarfinta.

"Bakinki ne ya kama ni," in ji shi, yana kare leɓe da hannu.

"Nawa bakin ai da yawunsa, ba ya cutar kowa. Sa riga mu je ko likitar za ta iya dasa wani abu."

Ya zura rigar a bai-bai, ya jefa guntun haƙorin a aljihu.

"Ba inda za ki bi ni. Saura ki sanar da su maƙwabta."

"Ai ka gama sanar da su, ko'ina ana jin fito."

Ya buga ƙofar har kwalbar koren ruwan ta faɗo daga kan taga.