Yaya Da Rana, Auta Da Yamma

Sista ta saba raba wa ma'aikatan jinya aiki a asibiti, wannan safe wancan yamma, don haka da hutun ƙarshen shekara ya zo sai ta raba 'yan'uwanta biyu haka. Yaya zai zo gidan Mama sha biyu ya tafi uku, Auta ya zo huɗu. Shekara biyu ke nan ba sa ga maciji, tun ranar da Yaya ya ce a gaban surukan Auta wai bai taɓa gama abin da ya fara ba.

Mama kuwa, da idonta ya tafi, abu ɗaya ta roƙa: ta ji muryoyin 'ya'yanta a falo ɗaya. Sista ta ce mata to, tana jin kunyar ƙaryar.

Yaya ya zo, ya ci, ya miƙe ƙafa. Uku da rabi ta wuce bawan Allah yana kan labarin ciwon gwiwarsa. Sai wayar Sista ta yi ƙara.

"Ina ƙofar gida," in ji Auta. "Ga motarsa nan. Haka muka yi da ke?"

Ta fita da gudu. Yaransa na kujerar baya cikin sababbin kaya, matarsa ta rungume kek a cinya.

"Don Allah ka shigo, ko minti biyar ne."

"Ya fito tukuna."

Ta koma ta raɗa wa Yaya.

"Ni zan bar gidan uwata saboda yaro?" ya ce. "Ƙaro min shayi."

Sau uku tana kai da kawowa, ba wanda ya motsa. Ita da ke sa majinyaci mai taurin kai shan magani, yau kuka kawai take son yi.

"Wannan ba ƙarar motar Auta ba ce?" in ji Mama. "Tun ɗazu take kunne."

Yaya ya ci gaba da juya cokali. Mama ta lalubo mayafinta, Sista ta riƙe mata hannu, suka taka a hankali. Suna isa ƙofa motar na shan kwana.

Mama ta tsaya tana saurare har ƙarar ta ɓace.

"Har yanzu bai gyara salansar motar nan ba," ta ce. Ta juya. "Je ki rufe masa abincinsa, kada ya huce."