Ƙeranar da Ta Yi Tafiya

Damaris ta fi shekara ashirin tana shirya wa zumuntar mata waƙa a cocinsu, a wani ƙauye kusa da Zonkwa, kuma ba ta taɓa kama sunan kowa ba. Dokar zumunta ce, a cikin sujada ba a ambaton mutum da laifinsa. Amma duk wanda ya ga ta rungumi tulun kiɗanta tana murmushi, to sai ya fara binciken kansa tun kafin ta buɗe baki.

A watan Maris, ana dab da saukar ruwa, ƙawarta Tamar ta zo mata da kuka. Tamar gwauruwa ce, ba ta da abin ciyar da 'ya'yanta huɗu sai gonar citta da mijinta ya bari. Ƙerana ce iyakar gonar, wannan tsiro mai ƙaya da ake jerawa a matsayin shinge. To bayan rasuwar mijin, wansa Bartholomew ya tumɓuke ƙeranar da ke tsakaninsu, ya sake dasa ta can cikin gonar Tamar, ya cinye gefen da ya fi albarka. Ta kai ƙara wurin dattawan ikilisiya, amma Bartholomew ne shugabansu. Ya ce tun zamanin kakanni shingen nan yana inda yake. Babu takarda, babu mai ƙarfin halin ba da shaida, kuma da zarar ya shuka tasa cittar a wurin, magana ta ƙare.

Ran Damaris ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta yi ko gezau ba. Ta ce wa Tamar ta share hawayenta, ta je ta tanadi iri.

A wurin koyon waƙa, Emilia, malamar adabi da ke koyarwa a wata sakandare a Kafanchan, ta saurari sabuwar waƙar da Damaris ta shirya ta girgiza kai.

"Mama, a littafi wannan shi ne alamtarwa, kuma ya yi kyau. Amma Baba Bartholomew ba ɗan aji ba ne. Ki faɗa masa kai tsaye, in ba haka ba zai yi kamar bai ji ba."

Damaris ta yi dariya. "Yarinya na, in ka kira sunan mutum, ka ba shi hanyan musu. Ki bar shi ya kira kansa."

Ranar Lahadin mata, majami'a ta cika maƙil. Aka buga tulu, aka kaɗa caki, Damaris ta ɗaga murya:

Na dasa ƙerana ta tsare mini gona,
ƙerana ta yi ƙafa ta shigo mini gona.
Taku goma sha biyu ta yi ba ta gaji ba,
Ubangiji, wa ya koya wa ƙaya tafiya?

Bartholomew, da babbar rigarsa a layin gaba, shi ya fi kowa taka rawa. Da aka gama ma cewa ya yi a maimaita. Emilia ta harari Damaris, alamar ai na gaya miki. Damaris kuwa ta ci gaba da dukan tulunta, don ta san waƙa ba a coci take kwana ba.

Kafin mako ya zagayo, matan da ke kankare citta sun ɗauka, 'yan acaɓa sun ɗauka, masu sayar da doya a kasuwar Zonkwa sun ɗauka. Ba wanda ya nuna Bartholomew da yatsa. Sai dai duk inda ya gifta, wani zai tuna da amshin waƙar, ya shiga rerawa yana kallon sama. Abin ya kai har matarsa tana rera ta a bakin murhu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ranar Asabar sai ga shi a gidan fasto, ya tara dattawa, ya sa an kira Damaris.

Ta zo da ɗankwalin zumunta a kanta, ta durƙusa ta gai da kowa, ta zauna.

"Fasto," in ji Bartholomew, "wannan mace ya ɓata suna na a gaban ikilisiya. A cire shi daga zumunta."

"Baba, a wane layi ne sunanka ya fito?" Damaris ta tambaya cikin ladabi. "Ni waƙan zunubi na yi, yadda yake shigowa zuciya kaɗan-kaɗan. In na yi kuskure a gyara mini."

"Zunubi! Kowa ya san abin da kina nufi. Kuma ƙarya ne! Goma sha biyu a ina? Taku bakwai ne, ni da kaina na auna!"

Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Fasto ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya ce ranar Litinin dattawa duka za su je gona. Sai a lokacin Bartholomew ya gane ya tona wa kansa asiri, don babu wanda ya sa masa maganar.

"Na gode da gyara, Baba," in ji Damaris. Daɗi ya kama ta har ta kasa ɓoye shi.

Da safiyar Litinin suka hallara a bakin shinge. Bartholomew ya juya baya ga ƙeranar, ya fara takawa zuwa cikin gonarsa, dattawa suna ƙirgawa. Da ya kai bakwai ya tsaya, ya kafa sanda. Sai Tamar ta matso kusa.

"Baba, ƙara ɗaya. Ƙaninka ya fi ka tsawon ƙafa, kuma shi ya dasa ta tun farko."

Bartholomew ya dubi ƙasa. Sannan ya cire sandar, ya ƙara taku ɗaya.