Bindigar Malam Jabiru

Maharazu mai haɗa bidiyo a Ƙanƙara mutum ne mai saurin alkawari. Da bakinsa ya ce wa Alhaji Nata'ala na Sabuwa, mahaifin yarinyar da yake nema, bidiyon walimar saukarta zai iso ran Laraba, dangi su kalla kafin su watse. Ga Laraba ta zo, motar ƙarshe kuma da la'asar take tashi, don babu direban da ke son duhu ya same shi a hanya.

Da azahar tsohuwar kwamfutarsa ta nuna sai ta yi awa biyu kafin ta gama fitar da aikin. Lokacin zai isa, amma da ƙyar, shi kuwa Maharazu ba ya son da ƙyar. Ya tsayar da aikin, ya shiga saiti ya ƙara wa ƙwaƙwalwarta gudu fiye da yadda masu ita suka tsara, ya sake farawa. Fanka ta hau kuka kamar injin markaɗe. Manhajar da ke auna zafin ƙwaƙwalwar ta nuna digiri tamanin da tara, da jan rubutu.

Yana cikin zullumi sai ga Malam Jabiru, malamin asibiti, ya leƙo cajin waya. A aljihunsa akwai na'urar nan mai kama da bindiga da ake auna goshi, wadda tun zamanin korona ba ya rabuwa da ita.

"Tamanin da tara?" in ji Malam Jabiru. "Ƙarya takai. Shekara ashirin ina wanga aiki, ban taɓa ganin mai rai ya wuce arba'in da biyu ba. Kauce in gani."

Ya saita bindigar a gaban akwatin kwamfutar, daidai inda ya yanke cewa nan ne goshinta. Talatin da bakwai.

"Lahiya lau take. Ko farasitamol ba ta buƙata."

Maharazu ya fi kowa sanin cewa zafin yana can ciki, ƙarƙashin fanka, kuma abin da ke auna shi a jikin ƙwaƙwalwar yake, ba a murfin ƙarfe ba. Amma amsar Malam ta fi daɗin ji. Ya rufe manhajar don kada ta tayar masa da hankali, ya ƙara gudun. Duk minti goma Malam Jabiru sai ya harba bindiga ya sanar da sakamako, har da gyaɗa kai.

Aikin ya kai casa'in da shida cikin ɗari, ɗakin ya fara warin roba, allo ya ɗauke ɗif. Aka yi ta kunnawa har la'asar, ta ƙi tashi.

Daga tasha aka ji kwandasta yana kiran Sabuwa, saura mutum ɗaya. Maharazu ya dubi agogo. Da ya bar ta da tafiyarta ta tsufa, da tuni ta gama.

Wayarsa ta yi ƙara. Alhaji Nata'ala ne. Kunya ta rufe shi, ya kasa ɗauka.

Malam Jabiru ya matso a hankali ya saita masa bindigar a goshi.

"Talatin da tara," ya ce cikin tausayi. "Ashe tun ɗazu ba mara lahiyar nika aunawa ba. Ɗauki wayar, in ya so ka biyo ni asibiti."