Hannun Guduma

Guduma ake ce masa, saboda hannun damansa. Ɗan dambe ne, kuma duk wanda ya taɓa kallon wasansa ya san halinsa: alƙali na ɗaga hannunsa, zai zube a kan gwiwa a tsakiyar fili, ya rufe ido, ya yabi Ubangiji da babbar murya. Kocinsa, wani dattijo mai karyayyen hanci da suke coci ɗaya, yakan tsokane shi.

"Kai addu'arka ta fi dambenka tsawo. Wata rana sai an share wurin nan kana durƙushe."

Ranar Asabar da yamma aka haɗa shi da wani siririn saurayi mai zafin nama, ana kiransa Zomo. Zomo ya ba shi wahala sosai, ya fasa masa gira. A zagayen ƙarshe ne Guduma ya same shi a ƙasan kunne. Zomo ya faɗi, ya kama igiya ya miƙe yana tangaɗi, alƙali ya tsayar da wasa.

Guduma ya durƙusa kamar kullum. "Ya Ubangiji, ƙarfi naka ne, nasara taka ce! Kai ka ba ni wannan hannu, ɗaukaka ta tabbata gare ka!" Ya daɗe yana yi. Bai lura ihun 'yan kallo ya mutu ba sai da ya ce amin ya buɗe ido. A bayansa, taku kaɗan, Zomo na kwance shame-shame, likita na ɗaga fatar idonsa yana haska tocila. Ƙafar Zomo ɗaya tana karkarwa ita kaɗai.

Washegari Guduma bai je coci ba. Koci ya same shi zaune a bakin gado da kayan jiya a jikinsa.

"Tashi mu je asibiti."

"Da wane ido zan kalle su, Koci?"

"Da wanda Allah ya ba ka. Tashi."

Ɗakin ƙarami ne, sai warin magani. An aske kan Zomo an naɗe shi da bandeji, wata na'ura tana hura masa numfashi ta baki. Mahaifiyarsa na zaune ta riƙe yatsun ƙafarsa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Mahaifinsa ne ya miƙe, wani tsoho rame da tsohuwar kwat.

"Kai ne Guduma."

"Ni ne, Baba."

"Ina wurin jiya. Na gan ka a durƙushe." Tsohon ya matsar da kujera gefe. "Ni bakina ya yi nauyi tun jiya. Kai ka iya addu'a, ɗana. Zo ka yi masa."

Guduma ya duba fuskar tsohon ko zai ga gatse. Babu. Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Ya durƙusa a gefen gadon, ya buɗe baki. "Ya Ubangiji, ƙarfi naka ne, nas..." Sai ya tsaya cak. Kalmomin da harshensa ya saba da su ke nan, ya laluba bai sami wasu ba. Ya ɓoye hannun damansa a ƙarƙashin hammata.

Koci ya sauka a kan gwiwarsa mai ciwo, da ƙyar, ya dafa shi.

"Ya Uba," in ji shi, muryarsa a dushe, "jiya da muke murna kai ne Allah, yau ma kai ne. Ni na koya wa wannan hannu duka. Kai ka halicci kan da ya daka. Ba mu gane ba, kuma ba za mu yi maka ƙarya mu ce mun gane ba. Muna yabonka da baki mai ɗaci, don ba mu da wani wurin zuwa. Ga yaron nan, naka ne tun kafin ya zama nasu. Ka ji tausayinsa, ka ji tausayin uwarsa. Cikin sunan Yesu."

"Amin," in ji tsohon.

Uwar ba ta ce amin ba. Ta gyara wa ɗanta mayafi, ta ce a hankali, "In kun gama, ku fita."

Zomo bai ga ƙarshen makon ba.

Tsohon ya aiko a gaya wa Guduma ranar da za a binne shi. Ya je, ya raɓe can baya a jikin bango. Da aka zo ɗaukar akwatin gawa, 'yan'uwan mamacin ba su cika ba, gefe ɗaya babu kowa. Tsohon ya waiga, ya yafito shi. Mutane suka yi ta kallon juna, wani ya ja tsaki, amma ba wanda ya hana. Guduma ya sa kafaɗa. Bai taɓa zaton siririn yaro haka zai yi wannan nauyi ba.

Bayan an watse, shi da Koci suka tako har bakin titi.

"Zan gan ka wurin horo ranar Litinin?" Koci ya tambaya.

"Ban sani ba, Koci."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon motocin da ke wucewa.

"Ni ma ban san ko zan buɗe wurin ba," in ji shi.