Jar Wayar Baba Direba

"Kawu, ajiye filayar nan! Baba ba ya motsi a cikin mota!"

'Yar Baba Direba ce a bakin gareji, ko takalmi babu. Mai Wuta, wanda duk layin ke kai wa gyaran wutar mota, ya ajiye filayar. Ya taɓa aljihu. Fiyus ɗin da ya sayo da safe yana nan.

"Akwai hayaƙi?"

"Wane hayaƙi? Na ce maka ba ya motsi!"

Ya zura da gudu, ta rufa masa baya.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da tsohon. Kunnen Baba Direba ya yi nauyi, har ya daina jin wani kaset da marigayiyar matarsa ta ɗaukar masa zamanin yana tafiyar nesa. Shi ne ya turo tsohuwar motarsa.

"Sa min irin sifikar samarin nan mai girgiza gilashi. Kunne ya ƙi, to ƙirjina ya ji ta."

Mai Wuta ya canza altaneta mai cajin batir, ya ƙara batir, ya ja jar waya mai kaurin yatsa daga gaba, ta ƙarƙashin kujera, har but ɗin bayan mota inda ya ɗaure amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti. Irin wannan waya sai da fiyus dab da batir. In babu, ranar da ƙarfe ya goge robarta, ja take yi kamar garwashi, kujera ta kama kafin mutum ya lalubo ƙofa. Jiya fiyus ɗin da ke hannunsa ya yi ƙanƙanta.

"Baba, a bari sai gobe."

"Me?"

"Sai gobe!"

"Ni da na haura tamanin kake yi wa gobe? Haɗa min, ɗan nema!"

Ya haɗa babu fiyus. Yau kuma ya ce bari ya sallami mota ɗaya tukuna kafin ya je ya sa sabon fiyus ɗin.

Motar tana ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, gilasai a rufe suna rawa. Tun daga nesa muryar mace ke fitowa, ƙatuwa, kamar ƙasa ce ke magana: "...kazar nan ta sake yin ƙwai a cikin takalminka, ni dai ban hana ta ba..."

Ya fizge ƙofa yana shanshana. Bai iya duban fuskar tsohon ba. Ya durƙusa ya cusa hannu ƙarƙashin kujera, yana jiran ƙuna. Wayar da sanyinta. Sai a lokacin ya ɗaga kai.

Tsohon ya jingina, baki a ɗan buɗe, tafin hannu manne da sifikar ƙofa. Mai Wuta ya taɓa wuyansa, ya daɗe. Ya yi salati a hankali.

'Yar ta sulale ta zauna a ƙasa. "Wutar ce ta ja shi?"

"Ba ita ba ce."

Gaskiya ya faɗa, amma yatsunsa ba su daina bin wayar ba. A inda ta ratsa ƙarfen kujera ya ji wani kaushi. Rawar sifika ta cinye robar, saura kamar fatar albasa.

"Tashi ki matsa, zan cire kan batir."

"Kawu, don Allah kar ka kashe. Shekara tara ban ji muryar Inna ba. Bar ta ta gama masa."

Ya fasa tashi. Ya sa yatsu biyu ya ɗage wayar daga jikin ƙarfen, ya riƙe. Gwiwoyinsa a ƙasa, kafaɗarsa na gogar ƙafar mamacin. Maƙwabta suka fara taruwa.

"...in ka tashi dawowa ka taho a hankali," in ji matar, "ba inda za mu je."

Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa, babu magana, sai shuuu. Mai Wuta bai saki wayar ba.