Gwangwanin Ma'azu

Ƙafa ɗaya Ma'azu ya iya ɗorawa a kan jakin, ɗayar ta ƙi barin ƙasa. Shittu, maƙwabcinsa mai jakin, yana riƙe da igiya, ya rasa ko ya tura shi sama ko ya sauko da shi. Daga bayan zana Atika, matar Ma'azu, tana tuna musu cewa malamin asibiti ya hana shi ko fitowa zaure.

"Malam Shittu, har da kai? Mutumen da bai iya haɗe kunu, shi za ka kai cikin wagga rana?"

Ma'azu ya yafito shi da hannu. Sai da Shittu ya kai kunne dab da bakinsa sannan ya ji abin da yake faɗa.

"Ɗora ni. In ka ƙiya, da rarrahe za ni tahi."

Shittu ya san zai aikata. Ya sa kafaɗa ya cicciɓe shi, ya ji nauyinsa bai wuce na damin kara ba. Ya miƙa masa tsohon gwangwanin kananzir da guntun sandan da Ma'azu ya sa a ɗauko, suka kama hanyar bayan gari.

Ma'azu mahauci ne a kasuwar Wurno, kuma kafin ciwon nan babu mai murya irin tasa a garin. Shekarun baya wani malamin elemantare da ya yi karatu a Midil ta Sakkwato ya kawo wasan ƙwallon gora, inda samari ke korar ƙwallon goruba da sanduna masu lanƙwasasshen kai, kowane ɓangare na neman jefa shi tsakanin itatuwa biyu na abokan karawa. Bature Di'o, mai kula da yankin, ya ga abin ya karɓu, ya sa garkuwar tagulla wadda Wurno da Rabah da Goronyo za su riƙa karawa a kanta kowane rani. Ma'azu bai taɓa riƙe gora ba, ba shi kuma da ɗa a cikin 'yan wasan. Amma ranar wasa yakan rufe teburinsa tun azahar, ko da sauran nama, ya tsaya a bakin fili yana kiran kowane yaro da sunan ubansa. Masu ban ruwan albasa a fadama sukan san wanda ke ci daga muryarsa kaɗai.

Bana abin bai yi kyau ba. Rabah ta zo har gida ta zuba musu huɗu. Suka je Goronyo, Ma'azu ya bi su a saman motar albasa, aka yi musu biyar, ya dawo muryarsa ta dushe, ba ta kuma komowa ba. Wani abu ne ya tsiro masa a maƙogwaro tun kaka. An kai shi Sakkwato, likita ya duba ya ce a mai da shi gida. Wasa na uku, a Rabah, ya aiki Shittu ya gano masa, ko da yake shi Shittu wasan bai dame shi ba, manomi ne mai son shiru. Ya dawo da labarin ci biyu ba ko ɗaya. Duk ranin nan Wurno ba ta jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba, har 'yan kasuwa suka sa wa samarin suna masu sharar fili, mutane suka daina zuwa kallo.

Da safiyar wannan rana Halliru, shugaban 'yan wasan, ya zo gaida Ma'azu. Ya durƙusa ya ce sun yi shawara ba za su fito wa Goronyo ba a wasan ƙarshe, sun ma aika a gaya musu su riƙe garkuwar, kunyar ta ishe su. Ma'azu ya juya fuska bango. Ana sallame azahar ya aika a kira mai jaki.

Saƙon bai iske mutanen Goronyo ba. Motarsu na nan a gindin tsamiya, 'yan wasansu sun tuɓe riguna suna ɗumama jiki, masu kalangunsu na gwada fata. Bature yana zaune a ƙarƙashin rumfa yana duba agogo. An zana filin da toka tun jiya, amma gefen Wurno babu kowa sai awaki.

Shittu ya sauke Ma'azu a inda ya saba tsayawa, wurin da babu inuwa. Ya so ya ja shi gindin itace, ya ƙi. Ya zauna a ƙasa, ya sa gwangwanin tsakanin gwiwoyinsa, ya fara bugu. Ba kiɗa ba ne mai daɗi, bugu ne ɗai-ɗai mai nauyi, irin na mai saran ƙashi. Mutanen Goronyo suka juyo. Wani ya ce ashe Wurno ta aiko da 'yan wasanta, tsoho da jaki, aka fashe da dariya. Shittu ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige.

Can sai ga ɗan doka ya tsallako fili da jar dararsa.

"Baba, Bature ya ce ka bari hakanan. Tun da naku ba su zaka ba, an tashi wasa."

Ma'azu ya ja hannun rigar Shittu, ya raɗa masa magana. Shittu bai taɓa ɗaga ido ya dubi mai ɗamara ba a rayuwarsa. Duk da haka ya isar da saƙon.

"Ya ce a hwaɗa ma Bature rana ba ta hwaɗi ba. Ya ce Wurno ta zaka, ga ta nan zaune."

Ɗan dokan ya sunkuya ya fizge sandan ya yi jifa da shi. Ma'azu bai ko dube shi ba, ya ci gaba da bugu da tafin hannunsa. Gefen gwangwanin ya yi tsatsa, nan da nan hannun ya fashe. Shittu ya ga jinin, ya ga ɗan dokan na tsaye yana jira, sai ya ga kansa ya cire takalminsa na fata ya durƙusa, yana dukan ɗaya gefen. Ɗan dokan ya waiwaya rumfa. Baturen ya ɗaga kafaɗa, ya mai da agogonsa aljihu, ya gyara zama.

Matan da ke dawowa daga rijiya ne suka kai labari cikin gari. Halliru ya fara isowa da gudu, gorarsa a hannu, bai iya haɗa ido da kowa ba. Bayansa Lauwali mai tsaron gida, da laka har gwiwa daga gonar albasa. Sauran suka riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Ba su cika ba, suka ce a hakan za su shiga. Kafin a busa usur mahauta sun rufe tebura, gefen Wurno ya yi baƙi da mutane.

Goronyo ta fi su, wannan ba a ɓoye yake ba. Kafin hutu ta ci biyu. Ƙwallo ya fasa wa Lauwali gira, aka yage bakin zani aka ɗaure masa, ya ƙi fita. Aka ƙara musu na uku. Ma'azu bai sassauta ba, sai dai bugun ya riƙa yin nisa da juna, Shittu yana cike masa tsakani.

Rana ta yi ja sa'ad da Halliru ya ƙwace ƙwallo a tsakiyar fili. Ya wuce mutum ɗaya, na biyu ya sa masa gora a ƙafa, ya yi tuntuɓe bai faɗi ba, ya zabga. Ƙwallon ya bi ta ƙarƙashin mai tsaron Goronyo ya shige. Ma'azu ya yunƙura a kan gwiwoyinsa, ya buɗe baki iyakar buɗewa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, babu abin da ya fito sai iska. Shittu ya ji wani yana ihu da sunan uban Halliru, da ƙarfin da har jakin ya zabura. Sai daga baya ya gane shi kansa ne.

Goronyo ta ɗauki garkuwa da ci uku da ɗaya, ta hau motarta. Wanda ya yi maganar tsoho da jaki ya ratso ya durƙusa ya gai da Ma'azu kafin ya tafi. Zama a kan jaki ya gagara, samarin suka ɗauko shi a tabarma har gida. Atika ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta ɗumama ruwa ta wanke masa tafin hannu.

Kashegari da hantsi Shittu ya shiga duba shi. Numfashinsa na fita da ƙara, amma idonsa tar. Ya sa Shittu ya sake ba shi labarin ƙwallon tun daga tsakiyar fili, kamar ba a gabansa aka yi ba. Da aka zo wurin tuntuɓen ya ɗaga yatsa a dakata, a maimaita. Sannan ya jawo shi kusa.

"Ka hwaɗa ma Halliru, baɗi ko goma za a yi musu, a yi musu suna tsaye."

Bayan azahar jiki ya rikice. Shittu ya riƙa karanta masa kalmar shahada, leɓɓansa na bi. Bai kai la'asar ba.

Da Shittu zai fita kiran liman, Atika ta tsai da shi daga bayan zana. Ya tsaya yana jiran abin da ya san ya cancanta.

"Malam Shittu, da ka ƙi kai shi, da bai yahe maka ba," in ji ta. "Ni ma da ban yahe ma kaina ba."

Samarin ne suka haƙa kabarin, ba su bar wani ya taɓa magirbi ba. A hanyar dawowa suka tsaya a rijiyar bakin gari suna wanke jar ƙasa daga hannuwansu. Shittu ya zauna a kan kututture yana kallonsu. Ƙyallen da ke girar Lauwali ya zame ya rufe masa ido. Halliru ya ajiye guga, ya goge hannunsa a riga, ya tsaya a bayansa yana sake ɗaure masa a hankali.